Lambobin Japan guda huɗu da akwatin da ya ƙi rufuwa: na soja ɗaya ne?

Ɗan Tagulla ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda idonsa ya saba da lambobin yabon sojan Japan ya duba mini wani kaya. Ni abin da na fi tarawa lambobin Birtaniya ne na yaƙin duniya na farko, su kuwa ba sa wahalar da mutum, domin ana buga sunan soja da lambarsa da rundunarsa a jikin ƙarfen. Wannan karon na Japan na saya a gwanjon intanet: lambobi huɗu, ɗan akwati baƙi mai sheƙi, da wata babbar takarda a naɗe. Mai kayan ya rubuta cewa duka na soja ɗaya ne da ya yi yaƙin Rasha da Japan, kuma wai a cikinsu akwai lambar jarumtar da ake kira Shirwar Zinariya. Na juya su gaba da baya, na sa gilashin ƙara girma na bi gefensu, babu suna, babu lamba.

Ta farko azurfa ce, ba zagayayya ba. Siffar ganye uku ce manya masu jijiyoyi, da rassan fure uku a tsaye a samansu, fure biyar a na tsakiya, uku-uku a gefe. Babu launi a jikinta ko ɗigo, ta dafe ta yi duhu a cikin jijiyoyin. Kintinkirinta fari ne mai ja a baki biyu. A bayanta akwai rubutu harafi huɗu, can ƙasa kuma wani ɗan ƙaramin M na boko.

Ta biyu ita ce mai tsuntsun. Tagulla ce zagayayya, tsuntsu ya buɗe fukafukai a kan tutoci biyu da aka gicciye, fure a samansa. Bayanta duwatsu ne da gajimare da igiyar ruwa. Ta uku ma tagulla ce amma ta fi haske, tana ɗaukar ido kamar an yi mata ruwan zinariya: tutoci biyu, fure sama, ganye ƙasa, babu tsuntsu. Kintinkirin shuɗi a tsakiya, kore da fari a gefe, ya kuma fi sauran koɗewa nesa ba kusa ba. Ta huɗu ba ta da nauyi sam, fara ce, da ƙaramin gicciye da wani tsuntsu mai dogon jela, a jan kintinkiri mai layi biyu shuɗi-shuɗi. Manhajar wayata ta karanta bayanta ta ce 1888.

Akwatin ne ya fara sa ni tantama. Na sa mai ganyen a ciki, ba ta zauna a gurbin ba, murfin ma ya ƙi rufuwa. Rubutun murfin, yadda na kwafo shi, 勲八等瑞寶章 ne. A takardar kuma layin kwanan wata 昭和十五年四月二十九日.

Wacce ce Shirwar a cikinsu? Ta 1888 ɗin da gaske ta kai wannan tsufan? Sannan in goge mai azurfar ko in bar ta?

Baba Mai Kundi ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka yi bayani yadda ya kamata, ko hoto ban buƙata ba. Bari in fara da mai ɗacin: babu Shirwar Zinariya a kayanka.

Tsuntsun da ke ta biyu hankaka ne, Yatagarasu, wanda labarin gargajiyar Japan ya ce shi ya yi wa Jimmu, sarkinsu na farko, jagora ta cikin duwatsun Kumano zuwa Yamato. Shi ne dai kake gani a tambarin hukumar ƙwallon ƙafarsu. Lambar kuwa ta yaƙin Sin ce, wanda ya ɓarke bayan arangamar gadar Marco Polo ranar 7 ga Yuli 1937. An kafa ta a 1939, kuma lambar halarta ce ba ta jarumta ba: duk wanda ya yi aiki a wannan yaƙin ana ba shi. An buga ta da yawan gaske, shi ya sa kusan kowane mai tara lambobin Japan da ita yake farawa. Masu sayarwa suna ganin tsuntsu sai su ce shirwa. Wasu rashin sani ne, wasu kuma sun san abin da suke yi. Akwai ma wata lambar halarta da ke ƙara rikita mutane, ta rikicin Manchuriya na 1931 zuwa 1934, domin ita shirwa ce a kanta da gaske, tana tsaye a kan garkuwa, bayanta hulunan kwano biyu na sojan ƙasa da na ruwa. Duk da haka ita ma ba Shirwar Zinariya ba ce.

Ainihin Shirwar Zinariya, Kinshi Kunsho, Sarki Meiji ne ya kafa ta a 1890, don soja kaɗai, don bajinta a fagen fama kaɗai. Ita ma daga labarin Jimmu aka ɗauko ta, inda aka ce shirwa mai ƙyalli ta sauka a kan bakansa ta kashe idon abokan gaba. Ba zagayayya ba ce: haskoki ne masu tsini, garkuwoyi biyu a gicciye da makaman gargajiya, shirwar a can ƙoli, bayanta kuma sumul babu rubutu, kintinkirinta kore-shuɗi da layin fari. Daraja bakwai gare ta. An raba fiye da miliyan ɗaya, akasari daraja ta 6 da ta 7, amma daraja ta farko mutum 41 kacal suka samu. Da tana zuwa da fansho na shekara-shekara, shi ya sa iyalai suke riƙe ta da muhimmanci. An soke ta a 1947, lokacin da sabon tsarin mulki ya fara aiki.

Mai ganyen nan taka lambar girma ce ta Fitowar Rana, Kyokujitsu-sho, daraja ta 8, wato ta ƙasa duka. An kafa wannan lambar a 1875. Mutane suna neman jar rana mai haskoki a jikinta su rasa, sai su ɗauka wata aba ce daban. Daga daraja ta 6 zuwa sama ne ake ganin ranar, jan gilashi a tsakiya da fararen haskoki, tana rataye a ƙarƙashin ganyen bishiyar kiri. Ta 7 da ta 8 ganyen ne kawai: ta 7 an gasa mata koren gilashi, ta 8 azurfa tsura. Kirga furannin da ka yi ma yana da amfani. Uku-biyar-uku na daraja ta 5 zuwa ta 8 ne, biyar-bakwai-biyar na ta 4 zuwa sama. Idan wata rana aka nuna maka mai rana aka ce daraja ta 4 ce, kirga furen tukuna kafin ka saurari sauran zancen. An daina bayar da ta 7 da ta 8 a garambawul ɗin 2003.

Akwatin ba nata ba ne. Harufa uku na farko suna cewa daraja ta 8, daidai, amma na ƙarshe suna cewa Zuiho-sho, lambar Taska Mai Tsarki, wadda aka kafa a 1888, mai madubi a tsakiya da kintinkiri shuɗi mai haske da layin rawaya. Siffarta daban, gurbinta daban. Wani ne ya ga akwati babu lamba, ya ga lamba babu akwati, ya ɗaura musu aure.

Ta uku ita ce kaɗai ta yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905, yaƙin Port Arthur da Mukden da Tsushima, inda Admiral Togo ya tarwatsa jiragen ruwan Rasha a watan Mayun 1905. A bayanta za ka ga shekarun Meiji 37 da 38.

A nan lissafi ya shigo, ka riƙe shi domin shi ne rabin wannan sha'anin. Suna ƙirga shekara da zamanin sarki. Meiji, 明治, ka ƙara 1867. Taisho, 大正, ka ƙara 1911. Showa, 昭和, ka ƙara 1925. Meiji 37 ya ba ka 1904. Takardarka ta ce Showa 15, wata na 4, rana ta 29, wato 29 ga Afrilu 1940, ranar haihuwar Sarki Hirohito, ranar da aka yi babban rabon lambobin yaƙin Sin. Za ka yi ta cin karo da wannan kwanan watan a takardu. Takardun yaƙin Rasha kuwa 1 ga Afrilu na Meiji 39 aka saba gani a kansu, wato 1906.

To yanzu auna da kanka. Wanda ya shiga yaƙin 1905 yana ɗan shekara 20, a 1940 ya kai 55. Mutumin da ya yi shekara 35 yana cikin kaki ba zai tsaya a daraja ta 8 ba, wadda ƙananan sojoji ake ba. Kuma a tsakanin nan an yi lambar yaƙin 1914 zuwa 1920, da ta naɗin Sarki Taisho a 1915, da ta naɗin Showa a 1928. Ina suke? Labarin soja ɗaya bai tsaya ba.

Kada ka goge komai. Duhun nan na azurfa shaidar shekaru ne, in ka kai masa man goge ƙarfe ka share shi, kuma ka cinye kaifin jijiyoyin ganyen. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa.

'Yar Hatimi ta rubuta:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, kun bar mini ta huɗu, na kuwa gode domin ita na fi so.

Malam Ɗan Tagulla, wannan ba lambar soja ba ce. Ta zama mamba ce a Ƙungiyar Red Cross ta Japan, wanda ya biya kuɗin shiga ake ba. Tsuntsun mai dogon jela na almara ne, ho-o, tare da gora da ganyen kiri. Manhajarka ba ta yi ƙarya ba, Meiji 21 aka rubuta, 1888 ke nan, amma wannan shekarar da aka fito da lambar ce, kuma an ci gaba da buga wannan rubutun a kanta shekaru da dama ba a canja ba. Rashin nauyin da ka ji shi ne ainihin shaidar: na da azurfa ne, da yaƙi ya matse ƙasar aka koma alminiyam. Taka ta zamanin yaƙin duniya na biyu ce ko kusa da shi. An yarda a rataya ta a jikin kaki tare da lambobin gwamnati, a ƙarshen jeri, don haka ganinta cikin kayan soja ba abin mamaki ba ne. Ta mata ana ɗaure kintinkirin ne a yi masa kunnuwa biyu maimakon a naɗe shi.

Game da M ɗin nan, masu tarawa suna ɗaukarsa alamar gidan buga kuɗi na Osaka, kuma ana ganinsa a lambobin da aka buga daga 1930 zuwa farkon shekarun 1940. Kafin nan masu sana'a ne na kansu suke yi wa gwamnati aikin. Wannan alamar ta yi maka rana, domin daraja ta 8 ta Fitowar Rana tana da wuyar sa wa shekara. Dalili kuwa, bayan an sha kaye an dakatar da ba masu rai lambobin girma a 1946, sai a 1964 aka dawo da shi, kuma daga lokacin gwamnati ta shiga aika lambobi ga iyalan waɗanda suka mutu a yaƙi. Da yawansu wannan mai ganyen ce. Ana sayar da su yau a ce na lokacin yaƙi ne, alhali an buga su shekara 20 bayan an ajiye bindiga. Ba jabu ba ne, na gwamnati ne halak malak, zamaninsu ne daban. Taka mai M ta dace da 1940.

Sai dai ni ban yarda a raba kayan ba. Baba sun yi gaskiya, ba mutum ɗaya ba ne, amma hakan bai hana su zama na gida ɗaya ba. Uba ya je Mukden, ɗa ya je Sin, jikoki suka kwashe abin da ke cikin durowa suka sayar a dunƙule. Tazarar shekara 35 daidai take da uba da ɗa.

Mai Shakka ya rubuta:

Hajiya, zai iya yiwuwa, amma wa zai tabbatar? Dillalin da ya sa lambar Fitowar Rana a akwatin Taska Mai Tsarki, ya kira hankaka shirwa, shi za mu yarda ya kiyaye kayan gida ɗaya? Tunda ba a buga suna a ƙarfen, kowa zai iya tsintar huɗu daga kwali ya jera ya ƙirƙiro musu soja. Ni in ba sanda ɗaya aka ɗinke su a kai ba, kintinkirinsu ya koɗe tare, ko kuma ga takardu masu suna ɗaya, to a wurina lambobi ne huɗu, kowacce da kanta.

Ka yi sa'a ma waɗannan ba a cika yin jabunsu ba, sun yi yawa, ba riba. Inda za ka yi hattara shi ne lambar Yaƙin Babbar Gabashin Asiya, sunan da Japan ta ba yaƙinta a lokacin yaƙin duniya na biyu. An kafa ta a 1944, ba a kai ga raba ta ba aka sha kaye, amma ga ta nan birjik a kasuwa. Kusan duk na bayan yaƙi ne da aka yi wa tsofaffin sojoji don tunawa. Haka lambar farmakin Taiwan na 1874, ta farko a jerin lambobin yaƙinsu, ta asali ba ta cika fitowa ba. A manyan darajoji kuma matsalar gyara ce: gilashin launi ya fashe a cike da roba, ko jan idon rana ya faɗi a liƙa wani. Haska fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗi da ita, wurin da aka cike yakan fito daban.

Abu ɗaya kuma da ba na so mu tsallake. Lambar hankakan nan ta yaƙin da aka yi kisan Nanjing a cikinsa ce, Disamba 1937. Ni ina da ita, ina ajiye da ita a matsayin shaidar tarihi, amma katin da na rubuta a ƙarƙashinta ya faɗi wane yaƙi ne, ban tsaya ga sunan da gwamnatin lokacin ta ba shi na "rikici" ba.

Ɗan Tagulla ya rubuta:

Baba, Hajiya, Malam Mai Shakka, Allah ya saka da alheri. Man gogewar ya koma inda yake.

Na sake shimfiɗa takardar na danne kusurwoyinta da littattafai. Zanen furanni ya zagaye ta, fure mai ganye 16 a sama, a ƙasa kuma ga hoton lambar hankakan an zana. Jan hatimi ne murabba'i, ba wani babba can ba. Layukan daga sama suke sauka ƙasa, na kuma lura daga dama ake farawa. Akwai layin da aka rubuta da hannu, tawadarsa ta fi sauran kauri, ya fara da 陸軍. Ina zaton sunan mutumin ke nan, ba zan sa shi a nan ba. Ke nan wannan takardar ta haɗa mai ganyen da mai hankakan?

Na kuma kwance kintinkirin mai ganyen in ga yadda aka yi shi. Ƙugiya ce siririya a sama, da ɗan ido na ƙarfe a ƙasa da take shiga. Duka huɗun haka suke, sai dai ƙugiyar ta Rasha ta yi tsatsa har ta ɓata ƙyallen.

Baba Mai Kundi ya rubuta:

Ƙugiya da idon nan haka Japan take yi, da su ake maƙala lambar a madaukin zaren da aka ɗinka a ƙirjin riga. Ka bar tsatsar yadda take, kada ka canja kintinkirin. Tsoho mai tabo na asali ya fi sabo fes daraja a wurin duk wanda ya san kaya.

Takardar ba ta haɗa su ba, ɗana. Kowace lamba da takardarta. Wadda ke hannunka shaidar lambar halarta ce, hoton da ke ƙasa ya gaya maka, hatimin kuma na Shokunkyoku ne, ofishin lambobin girma da aka kafa a 1876. Takardar lambar girma, kunki, daban take: a tsakiyarta akwai ƙaton hatimin ƙasa, ja, wanda ba ya ɓuya, kuma da ambaton sarki take buɗewa. A manyan darajoji ma sarkin da kansa yake sa hannu. Ita ce za ta ɗaure mai ganyen da mutuminka, kuma ba ta cikin abin da aka aiko maka.

Amma layin hannun nan zai iya ba ka wani abu. Harufa biyun da ka kwafo suna nufin sojan ƙasa. Da na ruwa ne, 海軍 za ka gani. Bayansu muƙami ke biyowa, irin su 一等兵 ko 上等兵, dukansu ƙananan sojoji ne, sannan suna. Duba tsakanin muƙamin da sunan. Idan mutum ya riga ya mallaki lambar girma, ana rubuta darajarta a nan, sai ka ga 勲八等, harufan nan uku na farkon murfin akwatinka. In harufan suna nan, mutumin yana da daraja ta 8 kafin ranar, sai dai ba za su gaya maka ta Fitowar Rana ce ko ta Taska Mai Tsarki ba, domin duka biyun haka ake rubuta su. Kuma ka ga akwatin Taska Mai Tsarki a kayan, don haka ba mamaki akwatin ne nasa, lambar ce baƙuwa. In kuwa ka ga 功 da lamba da 級, to wannan mai Shirwar Zinariya ne, ita kaɗai ake ƙirga darajarta da waɗannan harufan. In babu komai a wurin, ba a rufe ƙofa ba, domin mutane da yawa sun karɓi lambar halarta da lambar girma duka a wannan rana ta 29 ga Afrilu.

Hajiya, ni ma ba zan raba su ba, amma a katin zan rubuta abin da aka tabbatar kawai: hankaka da takardarsa na mutum ɗaya, sauran an same su tare. Ɗan Tagulla, ɗauko hoton layin, ka rufe sunan da yatsa, mu ga abin da ke gabansa.